Ɗamarar da Na Sa wa Keken Yohanna

Ku samarin yanzu kuna ba ni dariya. Mutum ya zo ya harɗe a kan bencina, ya ga na zare tib daga cikin taya, na liƙa faci, na mayar, na buga iska kafin shayinsa ya huce, sai ya ce, “Baba Sale, ai wannan ko ni sai in yi.” To ga sufana can, wa ya riƙe maka hannu? Liƙa faci kam ko yau ka zo, kafin la’asar ka iya. Na haura shekara arba’in ina gyaran keke a Jalingo, kuma babban kuskuren da na taɓa tafkawa ba na rashin iyawa ba ne. Na yi shi ne a lokacin da nake ganin duk garin nan babu mai kama ƙafata.

Aikin farko da maigidana Bappa Hammadu ya ba ni a rumfarsa ta unguwar Turaki shi ne kwanon ruwa. Bafulatani ne siriri, marar yawan magana, mai saurin ranƙwashi. Wata bakwai ban taɓa sufana ba. Nawa dai in hura tib, in riƙa tsoma shi a ruwa kaɗan-kaɗan har in ga inda kumfa take fitowa. In na gano hujin na miƙa masa ina washe baki, sai ya ce, “Na ga huji. Wa ya yi shi?” Ƙaya ɗigo ɗaya take bari a bayan tib. Huji biyu kusa da juna kamar saran maciji, mai keken ne ya labta kaya a kan taya marar iska, bakin rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya cije. In kuwa hujin ta ciki yake, to kan ɗaya daga cikin wayoyin ƙafar keken ne ya leƙo. Ka liƙe ba ka san wanda ya yi ɓarnar ba, gobe mai keken zai dawo da sabon huji dab da facinka, da baƙar magana a bakinsa.

Kayan aikinmu duk akwatin katako ɗaya ya ɗauke su. Sufana uku, filaya, guduma, ƙarafan zare taya da maƙeri ya buga mana, gwangwanin sholishon liƙa faci, gwangwanin madara cike da boris, ’yan ƙwallayen ƙarfen nan da ƙafa ke juyawa a kansu, da famfon da ya girme ni. Sai ɗan makullin ɗaure waya, wanda bai kai girman kwabo ba, Bappa yana rataye da shi a wuya kamar laya. Da shi ake miƙar da ƙafar da ta karkace. Ka kifa keke, ka juya ƙafar, ka kara alli a gefen rim, duk inda allin ya taɓa nan ne ciwon yake. Ka ɗaure wannan waya kwata, ka sassauta waccan kwata, ka sake juyawa. Wanda ya yi gaggawa ya ɗaure guda ɗaya da ƙarfi, ya mayar da ƙafar kamar faifan da aka zauna a kai. Ranar da Bappa ya cire makullin nan ya miƙa mini, ranar na san an yaye ni.

Keke yana faɗa maka inda ya fito tun mai shi bai gama sallama ba. Na Mumuye masu saukowa da doya daga gindin duwatsu, birkinsu a cinye yake kullum, kariyar ɗora kaya kuma ta lanƙwashe. Na masu kifi daga wajen Binuwai yashi ne a sarƙa, ga ƙarni. Da aka ba mu jiha, sai ga wasu sababbin masu keke, ƙananan ma’aikatan da aka kwaso daga Yola, masinjoji da akawu, waɗanda ba abin da ya dame su sai kada giris ya taɓa musu wando.

Shekarar da aka yi doguwar wahalar man fetur, mutane suna cewa kakarmu ta yanke saƙa. Ina fa. Gaskiya ne duk wanda ke da tsohon keke a bayan ɗaki ya jawo shi, har manyan ma’aikata masu tumbi. Rumfata ta cika ta batse, amma motocin da ke kawo mana kaya daga kudu sun tsaya cak. Tib ya yi ɓatan dabo, sholishon da ake samu kuma ruwa ne kawai mai wari. Na taɓa zare wani tib na ƙirga faci ashirin da uku a jikinsa, na rasa inda zan ɗora na gaba. Wasu tsumma suke cusa wa tayar su hau haka nan. Ga aiki har wuya, ga hannu, babu abin yi da shi. Sau da yawa na koma gida da gajiya kawai.

A wannan shekarar na fito da abin da muke kira ɗamara. Na samu tsohon tib ɗin mota mai kauri, na yanka shi dogo da reza, faɗin yatsa biyu, na shimfiɗa shi a cikin taya ya zagaye, bakinsa ɗaya ya hau kan ɗaya, sannan na mayar da tib ɗin keken a kai. Ƙaya ta huda taya sai ta tarar da ɗamara, ta karye a nan. Mutumin da yake zuwa faci sau uku a mako sai ya yi wata biyu ban gan shi ba. Labari ya bazu har garin Mutum Biyu, aka koma ce mini Sale Mai Ɗamara. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya yi girma. Na kai matsayin da in aka kawo keke ba na tambayar mai shi, sa masa kawai nake yi, in ya yi magana in ce ya je ya gwada.

Cikin masu kawo mini gyara akwai Yohanna, wani saurayi ɗan ƙauyen Kona mai tallan burodi. Dogo ne, baƙi, duk jikinsa ƙafa. Kullum da sassafe zai ɗaure akwatin burodi a bayan baƙin kekensa, ya miƙa hanyar Mutum Biyu har inda duwatsu suke ƙarewa ƙasa ta kwanta. A can akwai wani tafki babba da ƙauyukan masunta da rugage suka kewaye. Titin kwalta ya bi gefensa ɗaya, ɗaya gefen kuma jar hanya ce mai tauri. Yohanna yakan zagaye tafkin kaf yana sauke burodi, ya dawo gari kafin azahar. Ya taɓa ce mini mutane suna ganin hanyar da ba ta da hawa ita ce mai sauƙi, alhali ta fi cin ƙafa, don babu gangarar da za ka huta a kai, ga iskar ruwa tana tura ka baya.

Wata ranar Laraba ya shigo rumfata yana tura wani abu da ban taɓa gani ido da ido ba. Keken tsere ne, kansa a lanƙwashe ƙasa kamar ƙahon rago, tayarsa ba ta fi kaurin babban yatsana ba. Da yatsa biyu na ɗaga shi.

“Ina ka sato wannan?” na tambaye shi.

“Kai, Oga Sale! Na Malam Ishaya ne, tsohon hedimasta na mu. Wani Bature mai haƙa rijiya ya bar masa.” Ya shafa sirdin. “Ka ji labari? Gwamnati yana neman masu gudu da keke. Ran Asabar za a gwada mu. Mutum huɗu za a ɗauka, aiki ne, albashi kowane wata. Oga, mata na yana da ciki. Burodi ba zai riƙe mu ba.”

Na ce, “A ina za a yi gwajin?”

Ya yi dariya har da buga cinya. “A tafki na! Koci ya ce wurin ba tudu, ba mota da yawa. Zagaye uku.”

Ya ba ni labari wai Baturen ya gaya wa Malam Ishaya cewa ƙasarsu duk a shimfiɗe take haka, kuma ranar hutu mutane sukan hau irin wannan keken su zagaye tafki su dawo inda suka tashi, ba buhu ba kwando. Na ce a nan da tuni dangi sun fara nema wa mutum magani.

Na kifa keken na duba. Ƙafafun a miƙe suke, ko alli bai samu wurin taɓawa ba. Sarƙa ce ta bushe, birkin baya kuma yana gogar rim. Amma da na matsa tayar, sai hankalina ya tashi. Fatar ba ta fi ta albasa kauri ba. Na tambaye shi ko akwai wani tib na ajiya, ya ce babu, waɗanda ke ciki su ke nan, irinsu kuma sai Legas. Ni kuwa na san jar hanyar nan ta bayan tafki. Manoma suna sare rassan ƙaya su yi shinge don shanun da ke sauka shan ruwa, shanun su ja rassan su watsa a hanya. Rabin facin da nake yi wa masu kifi daga nan yake fitowa.

“Bari in sa masa ɗamara,” na ce.

“A’a, Oga. Malam ya ce kada a sa komai a ciki. Mai a sarƙa, birki, iska. Shi ke nan. Bature ya ce haka.”

“Baturen ya san ƙayar Taraba?”

“Ni na san shi,” in ji Yohanna. “Shekara huɗu ina bin hanyan nan. Na san inda ƙaya yake kwana. Iska kawai, Oga, don Allah.”

Na ce masa to. Ya bar mini keken ya tafi gidan burodi, ya ce zai dawo da la’asar. Na zuba wa sarƙa mai, na daidaita birki, na zauna ina kallon tayar nan. A raina na ce yaro ne, ɗoki ne ke ɗibarsa, malamin makaranta kuma me ya sani a kan taya? Idan ƙaya ɗaya ta shige shi, shi ke nan, aiki ya tafi. Na ɗauko reza na yanka ɗamara siririya, mafi kyau da na taɓa yankawa, na kankare gefenta. Tayar gaba ban taɓa ta ba, don nauyi a baya yake. Na zare tayar baya, na shimfiɗa, na mayar, na buga iska da ɗan famfon da ke maƙale a jikin keken har tayar ta yi tauri kamar ƙarfe. Da ya dawo ya hau ya zagaya, ya ce, “Oga, kamar tsuntsu!” Ban ce masa komai ba. Niyyata sai ya ci in faɗa masa, mu yi dariya.

Ranar Asabar a bayan a-kori-kura muka tafi, don kocin, wani gajere mai usur a wuya daga ofishin wasanni, ya ɗauke ni in zauna a wurin saboda gyara. Aka ja layi da toka a kan kwalta, a gindin wata tsamiya. Daga nan kana hango tafkin gaba ɗaya, ruwa kwance fari fat, balbelu a gefe, hanya ta zagaye shi, masu keke in sun yi nisa sai su koma kamar ƙudaje. Su goma sha biyar ne. Wasu da kekunan tsere na aro, wasu da baƙin keke da aka cire wa kariya. Ba a tashi ba sai da hantsi ya ɗaga, kwalta ta fara zafi.

Zagayen farko Yohanna ne ya fara wucewa, biyu suna manne da shi. A na biyu shi kaɗai ya ɓullo, sai da muka gaji da jira kafin na bayansa ya iso. Matan ƙauyen da yake kai wa burodi sun fito bakin hanya suna ta guɗa, suna kiran “Mai burodi! Mai burodi!” A lokacin mutum uku sun riga sun dawo a ƙasa da ƙaya a tayarsu, ina ta liƙa musu faci ina jin daɗi a raina. Har na ce wa direban motar, “Ka ga wancan na gaba? Aikina ne a ƙafarsa.”

A zagaye na uku muka ga mutum ya taho, aka fara tafi. Da ya matso sai na ga ba shi ba ne. Na biyu ya wuce, na uku, na huɗu. Kocin yana danna agogo yana rubutu. Can bayan kowa ya iso, sai ga Yohanna a ƙasa, keken a saɓe a kafaɗarsa. Bai yarda ya tura shi a kan rim ba, don ba nasa ba ne. Ya sauke shi a hankali a gabana, gumi yana zuba daga haɓarsa, tayar baya a kwance.

“Ƙaya ne, sori,” in ji kocin.

“Ban taka ƙaya ba,” in ji Yohanna yana haki. “A kan kwalta ya sace. Na riga na wuce wurin ƙaya.”

Sauran suka yi dariya, wani ya ce kowa ma haka yake faɗa. Ni ban yi dariya ba. Na ɗebo ruwan tafkin a kwano, na zare tib ɗin ta yadda ɗamarar ta tsaya a cikin taya ba wanda ya gan ta, na hura, na tsoma. Kumfa ta taso a jere. Ba ɗigon ƙaya ba ne, ba saran maciji ba ne. Tsaga ce a kwance, miƙaƙƙiya, daidai faɗin ɗamarata, a daidai inda bakinta ɗaya ya hau kan ɗaya. A cikin ƙatuwar tayar baƙin keke, mai iska sassauƙa, wannan ɗan tudun ba ya komai. A nan kuwa wuri ya matse, iska ta ninka, ga zafin kwalta, ga gudu. Kowane juyi bakin robar yana gogar tib ɗin har ya yanka shi. Da na tsaya na yi tunani na minti biyu ranar Laraba, da na gane haka.

Duk wurin ni kaɗai na iya karanta hujin nan. Da na ce ƙaya ce, an wuce wurin, kowa ya ce ƙaddara. Na daɗe a tsugune hannuna cikin ruwa. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban Bappa. Sai na sa hannu cikin tayar na jawo ɗamarar, na miƙe da ita tana reto.

“Koci, ba ƙaya ba ce,” na ce. “Ni ne. Ya hana ni, na sa masa wannan a ɓoye. Ita ta yanka tib ɗin. Ka ga da idonka yadda ya bar su a baya. Don Allah a sake gwada shi, ko shi kaɗai da agogo.”

Kocin ya karɓi robar ya jujjuya. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce, “Malam, na gani, yaron ya fi su. Amma abin da agogo ya ba ni shi zan kai ofis. In na sake wa mutum ɗaya, sauran goma za su ce a sake musu, su ma da dalilinsu. Kuma da wane tib zai hau?” Gaskiyarsa ce, don tsaga irin wannan faci ba ya riƙe ta a iska mai ƙarfi.

Yohanna ya dubi robar, ya dube ni.

“Oga, na ce maka iska kawai.”

“Ka faɗa,” na ce.

Ya juya ya ɗauki keken. Da zagina ya yi, da na fi jin sauƙi. A hanyar dawowa ya zauna a can ƙarshen motar rungume da keken. Washegari na bi shi Kona na ba Malam Ishaya haƙuri, na kuma yi cigiyar tib ɗin wajen direbobi har aka samo bayan wata biyu. Amma sunaye sun riga sun tafi. Mutum huɗun nan suka samu aikinsu, ɗaya ma har ya yi ritaya a kai. Ba a sake irin wannan gwajin ba sai bayan wasu shekaru, lokacin Yohanna yana da ’ya’ya uku da gwiwa mai ciwo.

Na ɗauka ya bar rumfata ke nan, kuma da ya yi haka ban ga laifinsa ba, masu gyara sun cika gari. Bayan kamar mako uku, da hantsi, sai ga shi yana tura baƙin kekensa, akwatin burodi a baya, tayar gaba ta sace. Muka gaisa kamar kullum. Na tambayi mai ɗakinsa, ya ce ta sauka lafiya, mace aka samu. Na zare tib na duba, ƙaya ce. Na liƙe, na tsaya riƙe da tayar.

“Yohanna, in sa wa wannan ɗamara?”

“Sa masa, Oga. Wannan kam yana so.”

Na ce ya je ya sauke burodinsa na cikin gari a ƙafa, kafin ya dawo na gama, kada rana ta yi masa. Ya ce ba komai. Ya jawo benci dab da ni ya zauna, ya zuba wa hannuna ido har na buga iska.

Shekara goma sha shida ya ƙara yana kawo mini gyara, har ya bar tallan burodi. Bai taɓa tayar mini da maganar tafki ba, bai taɓa kai kekensa wajen wani ba. Amma ko sau ɗaya bai sake barin sa a hannuna ya juya baya ba.